Tsohon Maganaɗisun Bahaguwa

Ranar da ya fara ganinta, gyangyaɗi take yi a tsaye.

Ta jingina goshinta da gilashin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, farar rigar aikinta duk tabo, tabarau ya zamo har kan hanci. A gabanta wata 'yar kwalba ce a kan faranti, da ruwa rawaya a ciki. Wani ɗan abu yana ta juyi a ƙasan ruwan yana ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Shi kuwa sabon zuwa ne. An ɗauko shi ya riƙa kula da injin awo na ɗakin gwajin sinadarai a jami'a, yana nasa karatun a gefe. Tun bai ajiye jaka ba aka raɗa masa Dogo, sunan kuma ya zauna.

Ya yi gyaran murya. "Baiwar Allah, za ki faɗi fa."

Ba ta buɗe ido ba. "Ba barci nake ba. Saurare nake."

"Me kike saurare?"

"Tsohona. In ya yi shiru, to wani abu ya lalace."

Tsohon nata ɗan maganaɗisu ne, bai fi ƙwayar kafso ba, an lulluɓe shi da farar roba. Ana jefa shi cikin kwalba, farantin ƙasa ya riƙa juya shi, shi kuma ya riƙa gauraya haɗin. Nata ya sha duniya. Ya yi dusu-dusu, jikinsa duk zane, gefe ɗaya ya ɓantare, shi ya sa yake ƙara. A aljihun tebur ta tsince shi ranar da aka ba ta wurin, tun daga nan ba ta aiki da wani.

Ta buɗe ido, ta ɗaga kai, ta sake ɗagawa kafin ta kai ga fuskarsa.

"Kai ne sabon mai injin? Allah ya ba ka haƙuri da ni."

Ta miƙa masa 'yar kwalbar awo da hannun hagu. Bahaguwa kowa yake ce mata a ɗakin. Dogo ya karɓa da hannu biyu, ya tafi, ya manta jakarsa a gefen teburinta.

Aikin nata kuwa, ba wanda ta taɓa yi wa bayaninsa da kyau kamar babanta. Takalma yake sayarwa, don haka da takalmi ta yi masa.

"Baba, akwai sinadaran magani da suke zuwa ƙafa biyu, dama da hagu. Kamarsu ɗaya sak. Amma jikin mutum guda ɗaya yake karɓa. Na dama ya warkar, na hagu ko dai ya zauna a banza ko ya yi ɓarna. In ka haɗa su a kwalba, rabi da rabi suke fitowa. Ni so nake su fito 'yan dama zalla."

"To a zubar da na hagun mana."

"Kai za ka sari kwali ka zubar da rabinsa?"

"Allah ya kiyaye."

"To ka gani. Akwai wani gari da ake barbaɗawa kaɗan a cikin haɗin, shi yake tsayawa a tsakani ya zaɓi ƙafa. Ni dillali nake ce masa. Dillalan da ake da su duk sai an sa musu wani ƙarfe mai tsada. Nawa ba ƙarfe a cikinsa. In ya yi aiki, magani zai yi sauƙi."

Baba ya jinjina kai, ya kaɗe ƙurar wani takalmi da tsumma. "Madalla, Uwata. Yaushe za ki gama?"

Wannan tambayar ta gaji da ita fiye da tsayuwa. Ɗan ƙanwarta da aka haifa shekarar da ta shiga ɗakin nan, yanzu da jakarsa yake tafiya makaranta. Dangi kuwa har yau sun ɗauka kemis za ta buɗe, suna ta jiran ranar da za su zo karɓar maganin ciwon kai kyauta.

Injin Dogo shi ne alƙali. In an ba shi ɗigon haɗi, sai ya zana tudu biyu a kan allo, ɗaya na dama ɗaya na hagu. In kansu ɗaya, an yi aikin banza. In ɗaya ya miƙe sama ɗayan ya kwanta, an ci nasara.

Kansu ɗaya suke fitowa, yau da gobe da jibi. Dogo ya kasa kallon fuskarta yana faɗa, sai ya koma tura mata saƙo daga ɗaki na gaba.

"Tudu biyu ne, Bahaguwa, kamar tagwaye. Yi haƙuri. Na ajiye miki shayi a kan taga."

Ta amsa: "Allah ya isa tsakanina da kwalbar nan. Na gode da shayi. Sukari ya yi yawa."

Washegari: "Tagwayenki suna gaishe ki. Na rage sukari."

"Yanzu kuma ya yi kaɗan. Dogo, kai da kake auna abin da ido ba ya gani, cokalin sukari ya gagare ka?"

"Hannuna ne yake rawa in na tuna wadda za ta sha."

Ta daɗe tana kallon wannan. Ta ajiye wayar ta kife ta, ta ɗauka ta sake karantawa. Rabon da wani ya faɗa mata magana mai daɗi har ta manta. Ta rubuta, ta goge, ta rubuta: "Koma bakin aikinka."

Soyayyarsu ba ta da wani ado, gaskiya. Ba lokaci. A kan matakalar bayan gini suke zama da rana, su raba burodi, kowa idonsa ja. Wani lokaci ko magana ba sa yi. Ita ta rufe ido, shi ya riƙe mata agogo ya tashe ta in lokacin duba kwalba ya yi. Ya fara ce mata Bahaguwata. Ta ce a'a, ta ce ba ta so, daga baya in bai faɗa ba sai ta tambaye shi ko lafiya.

Ana nan, ta sake wa dillalin nata siffa, karo na ban san adadi ba. Ta kai awo ta dawo ta jingina goshi da gilashi kamar kullum. Ta jira saƙo, shiru. Sai ta ji takunsa.

Ya tsaya a kanta yana haki. "Zo ki gani da idonki."

A kan allon, tudu ɗaya ya miƙe har ya kusa fita daga layi. Ɗan'uwansa kuwa ɗan ƙurji ne a gefe. Bahaguwa ta nemi kujera ta zauna. Ba ta yi ihu ba, ba ta da ƙarfinsa. Hawaye ne kawai suka zubo, ta bar su.

Ta maimaita, ya fito. Ta sake, ya fito. Farfesa mai duba aikinta, wata dattijuwa mai yawo da silifa a ofis saboda ciwon ƙafa, ta zo da kanta ta duba, ta cire tabarau ta goge. "To, 'yata. Ki fara rubutu. Kin kusa fita daga hannuna."

A wannan satin Dogo ya je gaida Baba a shago. Ya durƙusa tsakanin kwalaye, gwiwoyinsa har kunne.

Baba ya saurare shi tas. "Na ji, yaro. Ban ga aibunka ba. Amma kai ɗalibi, ita ɗaliba, kowa in an tambaye shi ranar gamawa sai ya kalli sama. Na sha alwashi ba zan aurar da ita tana tsakiyar abin nan ba, don kada ta saki bayan duk wahalar da ta sha. Sai ta gama. Ranar da ta gama, ka turo manyanka."

Dogo ya fito yana murmushi, don a lissafinsa saura 'yan watanni.

Murna ce ta kai shi ga abin da ya yi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Wani saurayin turare zai saya, ko agogo. Shi sai ya je ya sayo mata sababbin maganaɗisu cikin ɗan akwati, farare tas, a jere kamar haƙora.

"Mai shirin zama dakta ba ta aiki da wannan ɓantararren," ya ce. "Ki ba ni shi in ajiye."

"Me za ka yi da shi?"

"Shi ya fara haɗa ni da ke. Zan manna shi a ƙofar kabad ɗina, in riƙa gaishe shi da safe."

Ta yi dariya, ta wanke Tsoho, ta goge shi da gefen rigarta, ta sa masa a tafin hannu. "Ka riƙe min shi amana, Dogona."

Wannan ne karo na farko da ta kira shi haka. Ranar bai ci abinci ba.

Ƙa'idar Farfesa ce, kafin a fitar da kowane sakamako duniya ta gani, sai wani daban ya maimaita shi da hannunsa. Ta ɗora wa Dogo. Ya bi abin da Bahaguwa ta tsara, bai tsallake komai ba. Ya kai awo. Tudu biyu, ƙanana, kansu ɗaya.

Ya ce kuskurensa ne, ya sake. Haka. Bahaguwa ta ture shi tana dariya ta ce ya matsa ya ga yadda ake yi. Ta haɗa da hannunta. Tudu biyu.

Dariyar ta ɗauke.

Daga nan aka shiga wata irin wahala da ba ta da labari. Ta canza ruwan haɗi, ta sayo sabo. Ta sake dafa dillalin daga farko. Ta gasa kwalabe, ta rage zafi, ta ƙara zafi, ta rufe daga haske, ta buɗe. Ba abin da ba ta zarga ba, har iskar ɗakin. Amma in miya ta lalace, wa yake zargin cokali? Sababbin maganaɗisun suna ta juyi cikin ladabi, ba ƙara, ba komai.

Ta rame. Wuyan rigarta ya yi mata yawa. Shayin kan taga ya riƙa hucewa ba a taɓa ba.

Ranar taron ɗaki, kowa ya zauna a zagaye da tebur. Farfesa ta dubi Dogo.

"Ka samu?"

"Ban samu ba, Farfesa."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Amma na farkon ni na auna su. Tudu ɗaya na gani da idona."

"Na sani. Abin da ke cikin kwalaben da ta kawo maka, ka ga lokacin da ta haɗa shi?"

Kowa a ɗakin ya san ma'anar tambayar. Ana sayar da sinadarin zalla a kasuwa. Mai son zuciya zai iya ɗiga shi a kwalba ya kai awo ya ce shi ya yi.

Dogo ya kalli Bahaguwa. Ya kalli tebur. Da zai ce ya gani, da magana ta mutu a nan.

"Ban gani ba," ya ce.

Wani ya ja kujera. Farfesa ta murza goshi. "Ban ce kin yi komai ba, 'yata. Amma abin da ba ya maimaituwa ba zan sa hannu a kansa ba. Kina da zuwa ƙarshen zango. In bai dawo ba, sai mu zauna."

A matakalar baya ya same ta.

"Bahaguwata."

"Kar ka ƙara kirana haka."

"Tambayata aka yi. Ban gani ba ɗin ne."

"Na san ba ka gani ba. Amma ka san ni. Da sai ka ce ka san ni."

"Ba shi aka tambaye ni ba."

Ta dube shi, idonta a bushe. "Wallahi na gaji, Dogo. Ko faɗa ba zan iya yi da kai ba. Ka tafi kawai."

Da yamma ya tura mata: "Ban taɓa zargin ki ba, ko na ƙiftawar ido. Ban iya faɗin abin da ban gani ba ne. Ki yafe min."

Ba ta amsa ba. A ɗakin gwaji kuwa, in ta shigo sai hira ta mutu. Masu aron kayanta suka daina aro.

A wannan tsakanin ne ɗan aminin Baba ya fara zuwa gidan. Mai kemis ne na gaske, da shago da mota da sanyin hali. Ba mugu ba ne, kada a zalunce shi. Yakan zauna a falo ya dube ta da tausayi.

"Ke kuwa yaushe rabonki da barcin rana?"

Ta yi tunani, ta kasa tunawa.

"Ki bar musu abinsu. Kin yi iya yinki. Ni ba na buƙatar ki zama dakta. Ki zo ki huta."

Mama tana bayan labule tana gyaɗa kai. Baba ya ga yadda 'yarsa ta koma, alwashin nasa ya fara yi masa nauyi. Ita kuwa Bahaguwa, kalmar hutun nan ta shige ta har ƙashi. Ba son mutumin take ba. Amma da ya tafi sai ta kwanta a kujerar da ya tashi, ta ji kamar ta ce to.

Ta tattara abin da Dogo ya taɓa ba ta, filas ɗin shayi da wani biro, ta ba wata ta kai masa. Washegari da safe ta tarar da Tsoho a kan teburinta, a kan 'yar takardar goge hannu. Wayarta ta yi ƙara.

"Amanarki ce. Kullum ina gaishe shi, bai taɓa amsawa ba. Allah ya ba ki abin da ya fi alheri, ko da ba ni ba ne."

Ta zauna ta ƙura wa abin ido. Ta riga ta yanke shawara, ranar za ta kwashe kayanta ta faɗa wa Farfesa ta haƙura. Saura ɗan garin dillali a gindin kwalba. Ta ce bari ta haɗa na ban kwana, ba don tana sa rai ba, don dai kada a zubar. Hannunta ya kai ga akwatin sababbin, ya tsaya. Ta ɗauki Tsoho ta jefa.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Sai a lokacin ta gane tsawon watannin nan teburinta shiru yake. Ta jingina goshi da gilashi ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta ci gaba da zuba littattafai a kwali.

Da la'asar ta ɗebi ɗigo. Injin ɗaya ne a ginin, mai kula da shi ma ɗaya. Ta shiga ba sallama, ta ajiye kwalbar a gabansa. Ya karɓa da hannu biyu kamar ranar farko. Suka tsaya suna kallon allo, kowa ya ba ɗan'uwansa kafaɗa.

Layin ya tafi a kwance, ya tafi, sai ya ɗaga. Ya yi ta hawa. Ɗaya ne, da ɗan ƙurji a gefe.

Dogo ya dafa tebur. "Me kika canza?"

"Ba komai. Komai iri ɗaya ne da na jiya, sai dai..."

Tare suka juya suka kalli ƙofa, inda ƙarar take shigowa daga ɗaki na gaba.

Suka ciro Tsoho, suka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Cikin zanen jikinsa, inda soso ba ya kaiwa, wasu baƙaƙen ɗigo ne maƙale. Wanda ya riƙe teburin kafin ita, da ƙarfen nan mai tsada ya yi aikinsa.

Bahaguwa ba ta yarda da ido ba. Washegari ta haɗa kwalba biyu da sababbin maganaɗisu. Ɗaya ta bar ta haka. Ɗayar ta sa mata ƙurar ƙarfen, ɗan abin da bai kai a ce an sa ba. Ta kira Dogo ya tsaya a kanta tun daga farko. "Ka kalla da kyau, don in an tambaye ka ka ce ka gani."

Ta farko ta ba da tagwaye. Ta biyu ta ba da tudu ɗaya.

Ba ta yi ƙarya ba ke nan. Amma kuma abin da ta rubuta shafi bayan shafi, cewa dillalinta ba ya buƙatar ƙarfe, ba gaskiya ba ne. Shi kaɗai ba ya iya komai.

Suka fita matakalar baya suka zauna. Dogo ya rufe fuska da tafukansa.

"Ni na kashe miki aiki da kyautata."

"Kai ka tona shi dai."

Ya sauke hannuwansa daga fuska. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take. "Ba wanda ya sani sai mu biyu. Ki ba ni Tsoho in maimaita da shi a gaban Farfesa. Zai fito. Ta sa hannu, ki gama kafin zango ya ƙare, in turo manyana. In kika faɗa, rubutunki duk ya rushe. Sabon aiki ne, shekara biyu ko fiye. Baba ya ce sai kin gama. Ga wancan mai motar yana jira. Ni ma na gaji, Bahaguwata. Wancan karon na faɗi gaskiya na rasa ki. Wannan karon zan yi shiru."

Ta dube shi. Wannan dogon mutumin da ya kasa cewa ya gani a gaban mutane, yau shi ne yake miƙa mata ƙarya saboda ita. Tausayinsa ya kama ta, sonsa kuma ya dawo mata gaba ɗaya.

Kuma tana so ta ce to, Allah ya sani. Ƙafafunta ciwo suke, bayanta ciwo yake.

"Dogona," ta ce, "in muka fitar da shi haka, wata yarinya a wani gari za ta karanta ta gwada. Da sabon maganaɗisu. Ba zai fito ba. Za ta canza ruwa, ta gasa kwalba, ta rame, a daina hira in ta shigo. Na san yadda abin yake. Ba zan yi wa kowa haka ba."

"To mu fa?"

"Ban sani ba. Amma ranar da ka ce ba ka gani ba, haushinka na ji kamar in mutu. Yau na gane don wannan halin nake son ka. Kar ka ɓata min shi."

A taron ɗaki da ya biyo baya ta miƙe ta ajiye Tsoho a tsakiyar tebur, ta faɗi komai. Farfesa ta ɗauki abin ta jujjuya shi a hannu.

"Kin san da kin yi shiru da ban gane ba?"

"Na sani, Farfesa."

"Kin san rubutunki ya tafi?"

"Na sani."

Dattijuwar ta yi ajiyar zuciya. "Ƙurar ƙarfe kaɗan haka ta yi wannan aikin, ai shi ma abin bincike ne, ba ƙarami ba. Amma daga tushe za ki faro. Ni da na ɗauka zan huta da ke." Ta juya ga sauran. "Ku kuma kowa ya je ya ciro maganaɗisunsa ya duba. Masu baki a kanta, ga ta nan, sai ku nemi gafara."

Mai kemis ya zo jin amsa, ta ba shi haƙuri a mutunce. Ya ce ba komai, ya yi mata fatan alheri, ya ja motarsa.

Saura Baba. Tare suka je shagon, Dogo ya sake naɗe ƙafafunsa tsakanin kwalaye. Bahaguwa ta faɗa masa duka, har tayin da Dogo ya yi mata a matakala, don Dogon ne ya ce kada ta ɓoye.

Baba yana saka igiya a wani takalmi, bai ɗago ba.

"Wato da kin yi shiru, da yanzu kin gama."

"E, Baba."

"Kai kuma da ka ce ka gani, da ba a kai nan ba."

"Haka ne, Baba."

"To yanzu yaushe za ki gama?"

Ta gaji da cewa an kusa. "Ban sani ba, Baba."

Ya ajiye takalmin. Ya dube ta da kyau, ya ga ƙasusuwan wuyanta.

"Shekara da shekaru ina miki tambayar nan, yau ne kika ba ni amsar da na yarda da ita." Ya share ido da tsumman kaɗe ƙura, bai ma lura ba. "Tsorona kada aure ya sa ki saki aikinki. Wadda aka buɗe wa ƙofa biyu ta fita, ta ƙi, ta koma ta faro daga farko, ba aure ne zai sa ta saki ba. Ni na sha alwashin, ni na janye. Ku biyun nan ba ku iya ƙarya ba, wa zai iya zama da ku in ba junanku ba? Kai, Dogo, tashi haka nan kafin ka rushe min kwalaye. Ka turo manyanka."

Bahaguwa ta kifa kai a gwiwar babanta. Ya dafa kanta yana cewa, "Ya isa, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Aka ɗaura aure cikin hutun zango, ba wani taro mai yawa. Farfesa ta zo, har da takalmi mai rufi, wanda Baba ya zaɓa mata da kansa. Dangi suka ci suka sha, wata gwaggo ta ja amarya gefe ta tambaye ta yaushe za a buɗe kemis ɗin. Aka yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa ta gama lafiya. Wannan ta ƙarshen, amin ɗin Baba ya fi na kowa ƙarfi.

Ɗaki biyu suka kama kusa da wurin aiki. Tsoho ya yi ritaya, yana manne a ƙofar firij.

Ranar da hutu ya ƙare suka koma. Ta wanke kwalba, ta auna dillali, ta auna ƙurar ƙarfe da gangan, ta jefa sabon maganaɗisu. Aiki na farko cikin wasu ɗaruruwa da ke gabanta. Da rana wayarta ta yi ƙara.

"Tudu ɗaya, Bahaguwata. Na gani tun daga farko, ko wa ya tambaye ni. Shayi yana kan taga."

Ta je ta ɗauka ta kurɓa. Ta rubuta: "Sukari ya yi daidai."

Sannan ta jingina goshinta da gilashi ta rufe ido. Wannan karon barci ne na gaske, don ta san akwai mai riƙe mata agogo.